Gwamnati ta sayar da filayenta don cike giɓin kasafi, ko ta riƙe su?

Sa'idu_M:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma ina roƙon masu sani a cikinmu su taya ni dubawa. Kusan kowace gwamnati a duniya tana riƙe da filaye masu ɗimbin yawa, daga gandun daji da wuraren kiwo zuwa tsaunuka masu ma'adinai da fegi-fegi a tsakiyar birane, amma gwamnatocin nan su ne kullum suke kukan bashi da giɓin kasafin kuɗi. Abin da ya sake tayar mini da maganar shi ne abin da ya faru a Amurka a watan Yunin 2025, lokacin da Sanata Mike Lee na jihar Utah ya nemi a saka sayar da wani ɓangare na filayen tarayya a cikin babbar dokar haraji da kashe kuɗi, da hujjar za a gina gidaje, daga baya kuma ya janye bayan an yi masa ca, har da wasu 'yan jam'iyyarsa. Gwamnatin tarayyar Amurka tana da kimanin eka miliyan 640, wato kusan kashi 28 cikin 100 na ƙasar, kuma a jihar Nevada kaɗai abin ya kai kashi 80. Ni a ganina, wanda bashi ya yi wa katutu alhali yana da kadarar da ba ya amfani da ita, hankali ya ce ya sayar ya rage nauyi. Me ya sa za a ce gwamnati ta bambanta da wannan?

Hajiya_Rabi_Akanta:
Wa alaikumus salam, Malam Sa'idu. Na yi shekaru ina aiki a sashen tsara kasafi, saboda haka bari in fara daga inda na fi sani. Kuɗin sayar da fili ba kuɗin shiga ba ne, kadara ce aka sauya mata kama daga ƙasa zuwa takarda, kuma dukiyar jama'a ba ta ƙaru da ko sisi ba a ranar da aka yi cinikin. Matsalar ita ce yawancin littattafan kasafi ba sa nuna haka. Na taɓa ganin shekarar da aka sayar da wasu manyan filaye, aka shigar da kuɗin a shafi ɗaya da haraji, sai lissafin wannan shekarar ya yi kyau ƙwarai, aka ɗauki sababbin ma'aikata, aka ƙara alawus. Da shekara ta zagayo, albashin nan yana nan ana biya duk wata, filin kuwa babu na sake sayarwa, sai giɓin ya dawo ya fi na da faɗi. Giɓin kasafi abu ne mai maimaituwa, sayar da fili kuwa sau ɗaya ake yi, don haka ba za a toshe wancan da wannan ba. Idan har za a sayar, to sai dai a biya uwar bashi da kuɗin, ko a mayar da su wata kadara mai ɗorewa.

Garba_Tattali:
Hajiya, maganarki ta lissafi gaskiya ce, amma kin bar ɗaya ɓangaren. Riƙe filin ma ba kyauta ba ne. Hukumar gandun daji ta Amurka, wadda ke kula da kimanin eka miliyan 193, tana kashe kashi 16 cikin 100 na kasafinta wajen yaƙi da gobarar daji a 1995, amma zuwa 2015 abin ya haura rabi, har ta riƙa ɗebo kuɗin sauran ayyuka tana kashe wuta. Hukumar wuraren shaƙatawa ta ƙasar kuma gyare-gyaren da ta jinkirta na hanyoyi da gadoji da bututun ruwa sun haura dala biliyan 20. Sannan ga ƙananan hukumomin da filayen tarayya suka mamaye, waɗanda ba su da ikon karɓar harajin ƙasa a kansu, shi ya sa tun 1976 gwamnatin tarayya take biyan su wani abu a madadin harajin, kuma su kullum suna cewa bai isa ba. Mutumin da ke zaune a gundumar da kashi 90 na ƙasarta ba a hannun mutanenta yake ba, idan ya ce an ɗaure masa hannu, bai kamata a ɗauke shi maƙiyin daji ba.

Binta_Y:
Ina tare da Malam Garba a kan wannan gaɓar. Sau da yawa masu cewa kada a taɓa fili suna zaune ne nesa da shi, waɗanda ke maƙwabtaka da shi kuwa su ne ke ɗaukar nauyin.

TsohonSafiyo:
Ranku ya daɗe, ni aikina awon fili ne har na yi ritaya, kuma ina so in ƙara wani abu da ba a cika ambata ba a irin wannan muhawarar. Kafin a yi gardamar a sayar ko a riƙe, sai an san abin da ake da shi, kuma hukumomi da yawa ba su sani ba. An taɓa tura ni in tabbatar da iyakar wani filin gwamnati da aka keɓe shekaru da dama kafin in fara aiki. Na ɗauko fayil ɗin, takardar taswirar ta yi ja don tsufa, ninkin tsakiyarta ya yage, an manne da salatif. Taswirar ta nuna turakun siminti goma sha huɗu a kan iyaka. Na yi kwana uku ina yawo da yaran aikina, muka samu biyar kawai, ɗaya ma a kwance cikin wani rami, an tumɓuke shi an jefar. Da muka gama awo, abin da ya rage bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ke rubuce ba, kuma babu takardar sayarwa ko ɗaya a fayil ɗin, babu sisin da ya shiga baitulmali. An cinye shi ne taku-taku, yau a matsar da shinge, gobe a zuba bulo, jibi a kawo takardar da wani jami'i ya sa wa hannu. Na rubuta rahoto na miƙa, ban sake jin labarinsa ba har na bar aiki, kuma abin yana damuna har yau. Saboda haka ina gaya wa masu cewa a riƙe cewa filin da aka riƙe ba tare da kasafin kula da shi ba, sayar da shi ake yi a hankali, sai dai kuɗin ba ya zuwa wurin jama'a.

Malam_Nuhu:
Allah ya saka da alheri, Baba. Wannan tambaya ta Malam Sa'idu ba sabuwa ba ce, domin sahabbai sun yi muhawara a kanta. Lokacin da aka ci ƙasar Sawad ta Iraƙi, wasu daga cikinsu, ciki har da Bilal, Allah ya yarda da shi, sun nemi a raba gonakin ga mayaƙa kamar sauran ganima. Sayyidina Umar ya ƙi, ya bar ƙasar a hannun manomanta, ya sa mata haraji mai shiga baitulmali duk shekara, kuma hujjarsa ita ce idan aka raba yau, me zai rage wa waɗanda za su zo daga baya, kuma da me za a tsare iyakoki. Wannan daidai yake da abin da Hajiya Rabi ta faɗa game da uwar kuɗi da abin da take haifarwa. Akwai kuma labarin Abyad bin Hammal, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa wurin gishiri na Ma'rib, da aka sanar da shi cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓugowa wanda ba ya yankewa, sai ya karɓe kyautar. Amma kada a ɗauka cewa hukuncin shi ne a kulle komai, domin an yanka wa mutane filaye don su raya, kuma Umar ɗin nan ya karɓe daga hannun Bilal bin Haris ɓangaren kwarin Aƙiƙ da ya kasa rayawa, ya raba wa wasu. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne umarnin da ya ba Hunayyu, wanda ya ɗora a kan hurumin kiwo, cewa ya shigar da mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan, ya yi hattara da garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar shugaba. Ashe tambayar wa ke cin moriyar hurumi ta riga tambayar wa ya mallake shi.

Barista_Ladi:
Malam Garba, ina neman izinin in yi gyara kaɗan, domin barin filaye a hannun hukumomin da ke kusa da su an riga an gwada shi a ƙasar da kake misali da ita. Tun dokar filaye ta 1785 aka fara ware wani yanki a kowace shiyyar awo don ɗaukar nauyin makarantu, kuma jihohin yamma sun karɓi irin waɗannan filaye lokacin da suka shiga tarayya. Nevada ta samu kimanin eka miliyan 2.7, ta sayar da kusan dukkansu, yau abin da ya rage mata bai wuce eka 3,000 ba. New Mexico kuwa ta riƙe kimanin eka miliyan 9, tana bayar da haya, tana zuba kason da take samu daga mai da iskar gas a wani asusu na dindindin, kuma makarantunta suna cin gajiyarsa duk shekara. Wannan tarihin ne ya sa mafarauta da masunta, waɗanda da yawansu masu ra'ayin mazan jiya ne, suke tayar da jijiyar wuya duk lokacin da aka ce a mayar wa jihohi filayen tarayya, kamar yadda Utah ta nema da dokarta ta 2012. Suna tsoron cewa jiha, wadda doka ta tilasta mata daidaita kasafinta, shekara ɗaya ta mummunar gobara za ta ishe ta ta kai filin gwanjo.

Garba_Tattali:
Na karɓi gyaran, Barista, amma New Mexico tana zaune ne a kan rijiyoyin mai na yankin Permian, don haka ba riƙewa kaɗai ta yi mata aiki ba. Jihar da filinta duwatsu ne da ƙaya ba za ta samu irin wannan ba ko ta riƙe shekara dubu.

Usman_K:
Ni ina ganin an taƙaita zaɓin fiye da kima, kamar babu komai tsakanin sayarwa da kullewa. Singafo ta yi dokar karɓar filaye a 1966, yau gwamnati ce ke da kusan kashi 90 na ƙasar, kuma kimanin kashi 80 na mazauna suna cikin gidajen da hukuma ta gina, a kan yarjejeniyar shekara 99. Abin lura shi ne kuɗin da aka samu daga bayar da fili ba ya shiga kasafin shekara, ajiyar ƙasa yake tafiya, kuma gwamnati mai ci ba ta da ikon taɓa ajiyar da ta gada sai da amincewar shugaban ƙasa. Da haka an samu gidajen da Sanata Lee yake magana a kai, filin kuma bai fita daga hannun jama'a har abada ba.

Hajiya_Rabi_Akanta:
Malam Usman, misalinka ya yi kyau, amma haya mai dogon zango ita ma tana iya zama tarko idan aka karɓi kuɗin gaba ɗaya aka kashe. A Sin ƙasar birane ta gwamnati ce, haƙƙin amfani kawai ake sayarwa, shekara 70 ga gidajen zama. Bayan sauyin rabon haraji na 1994, ƙananan gwamnatoci suka dogara da wannan ciniki, har ya kai kimanin yuwan tiriliyan 8.7 a 2021, da kasuwar gidaje ta faɗi kuma ya ragu da fiye da kashi 20 a shekara ɗaya, aka bar su da basussukan da suka ci bisa tsammanin farashin fili ba zai taɓa sauka ba. Birnin Chicago ma a 2008 ya bayar da mitocin ajiye motoci na titunansa haya ta shekara 75 a kan kimanin dala biliyan 1.15, cikin 'yan shekaru aka cinye mafi yawan kuɗin wajen cike giɓi, mai binciken birnin kuma ya ce an yi asarar kusan dala biliyan ɗaya a cinikin. Bambancin Singafo da waɗannan ba a takardar haya yake ba, a ƙofar da kuɗin suke shiga yake.

MalaminDaji:
Ina so in ƙarfafa maganar Baba Safiyo daga ɓangarenmu. A duk lokacin da aka zo rage kasafi, kuɗin kula da daji ne ake fara yankewa, domin bishiya ba ta zanga-zanga kuma ɓarnar ba ta fitowa sai bayan shekaru. Akwai shekarar da aka soke mana kuɗin share layin da ke hana wuta tsallakawa, aikin da 'yan leburori kaɗan ke gamawa cikin makonni. Da iska ta taso, wuta ta shiga wani dashe da muka yi shekara bakwai muna raino, na tsaya ina jin ƙarar rassa suna fashewa, ba mu da abin yi sai ganye a hannu muna bugun gefe. Kuɗin da aka rage daga kasafin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya ƙone ba, amma a littafin kasafi an rubuta ragin, ba a rubuta asarar ba. Kuma akwai hanya ta uku da ba a ambata ba tukuna. Nepal ta mayar da dazuzzuka hannun gwamnati a 1957, sara ya ƙaru saboda mutanen karkara sun daina ganin dajin a matsayin nasu. Da dokar 1993 ta ba ƙungiyoyin mazauna ikon kulawa da cin moriya, alhali mallakar tana hannun ƙasa, ƙungiyoyin suka haura 20,000, dajin kuma ya farfaɗo a tsaunuka da yawa. Irin wannan ne masaniyar siyasa da tattalin arziki Elinor Ostrom ta yi nazari a kai har ta samu kyautar Nobel a 2009, inda ta nuna cewa jama'a suna iya tsare hurumi idan iyaka a fili take, su ne suka tsara dokokin, kuma akwai hukunci ga mai ƙetarewa.

Jummai_A:
Ku gafarce ni, amma akwai kalmar da Malam Sa'idu ya yi amfani da ita tun farko wadda ba na so ta wuce haka, wato kadarar da ba a amfani da ita. Wurin da taswirar ofis ta nuna fanko, sau da yawa akwai masu kiwo a cikinsa, da masu itace, da masu ɗebo magani, da mashayar da garke ke sauka lokacin rani, sai dai ba su da takarda. Lokacin da aka kafa wurin shaƙatawa na ƙasa na Yellowstone a Amurka a 1872 akwai 'yan asalin ƙasar da suka daɗe suna farauta da zama a wurin, aka kawar da su. A 1959 aka fitar da makiyayan Masai daga gandun dajin Serengeti, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Waɗannan an yi su ne da sunan riƙewa, ba da sunan sayarwa ba, saboda haka talaka yana iya rasa wurinsa ta kowace fuska. Duk wanda zai ƙiyasta darajar fili, ya fara ƙirga mutanen da ke rayuwa da shi.

Sa'idu_M:
Malama Jummai, na amince kalmar ba ta dace ba, kuma na janye ta. Na kuma ga cewa kwatanta gwamnati da mutum mai bashi yana da rauni, tun da mutum yana mutuwa ya bar magada sanannu, ƙasa kuwa magadanta ba a haife su ba tukuna. Amma ina da sauran damuwa a kan masu cewa a riƙe. A Amurka mafi ƙarancin kuɗin kiwo a filin tarayya dala 1.35 ne a wata ga saniya da ɗanta, adadin da aka tsayar tun 1986, alhali masu filaye na kansu suna karɓar ninkinsa sau goma ko fiye. Dokar haƙar ma'adinai ta 1872 kuma har yanzu ba ta ba gwamnati wani kaso daga zinariya da azurfa da tagullar da ake haƙowa a filayenta ba, sannan kason mai da gas ya zauna a kashi 12.5 tun daga 1920 har sama da shekara ɗari. Idan fili na jama'a ne a suna amma ribarsa tana tafiya aljihun 'yan kaɗan, jama'a kuma suna biyan kuɗin kashe gobara da gyaran hanya, ina amfanin riƙon?

Barista_Ladi:
Wannan hujja ce ta a gyara farashi, Malam Sa'idu, ba ta a sayar ba. Kuskuren farashi majalisa tana iya gyara shi a zama ɗaya, amma filin da aka sayar sai dai a saye shi da tsada, idan ma mai shi ya yarda. A 2020 jam'iyyu biyu na Amurka sun haɗu sun tabbatar da dala miliyan 900 duk shekara ga asusun sayen filaye da kiyaye ruwa, daga kuɗin man da ake haƙowa a teku, wato suna kashe kuɗi yau don maido da irin abin da magabatansu suka saki. A Ingila ma, a watan Fabrairun 2011, gwamnati ta janye shirin rabuwa da hekta 258,000 na dazuzzukan jama'a bayan fiye da mutum rabin miliyan sun sa hannu a takardar koke, har ministar muhalli Caroline Spelman ta nemi afuwa a majalisa.

Hajiya_Rabi_Akanta:
A kan ma'adinai kuwa, ko an gyara kason, magana tana komawa inda muka fara, domin man da aka haƙo shi ma kadara ce da aka sayar. Norway ta kafa asusunta na ajiye kuɗin mai a 1990, kuɗi na farko suka shiga a 1996, kuma ƙa'idarsu ita ce kasafi ya ci gwargwadon ribar da ake sa ran asusun zai haifar, wadda aka rage zuwa kashi 3 a 2017. Alaska tun 1976 take ajiye aƙalla kashi 25 na kason ma'adinanta. Tsibirin Nauru kuwa ya samu dukiya mai yawa daga fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, bayan 'yancinsa na 1968, shi ma ya kafa asusu, amma rashin kulawa da munanan jari suka cinye shi, aka bar mutane da tsibirin da kusan kashi 80 nasa ya zama ramuka. Asusu kaɗai ba ya tsare komai sai da odita mai 'yanci da rahoton da kowa zai iya karantawa.

Garba_Tattali:
Har yanzu ban gamsu cewa kowane fili ya cancanci a riƙe shi ba. Fegin da ke gefen birni, mai ruwa da wuta da hanya, wanda ma'aikata ke kasa samun gidan haya a kusa da shi, ba ɗaya yake da mafarin kogi ko gandun daji ba, kuma haɗa su a hukunci ɗaya shi ne ke sa muhawarar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Zan yarda da sharaɗin Hajiya cewa kuɗin kada su shiga kasafin albashi, zan yarda da gwanjo a bainar jama'a, amma a bar ƙofar sayarwa a buɗe.

TsohonSafiyo:
Malam Garba, idan aka bar ƙofar a buɗe, wa zai tsaya a bakinta ya tantance wane fegi ne na gefen birni, wanne ne mafarin kogi? A aikin da na yi, filin da na ba ku labarinsa ma gefen birni ya zama bayan shekaru, domin birnin ne ya taso ya same shi. Ina roƙon Barista Ladi ta bayyana mana ko akwai ƙasar da doka ta hana sayar da fili sai an fara sabunta awonsa an buga taswirar kowa ya gani, tare da sunayen waɗanda ke amfani da shi, kamar yadda Malama Jummai ta nema.